Muryar Malam a Kanti

Tun da kamfani ɗaya ya haɗiye shagunan kayan mota na Ƙofar Ruwa, na'ura ke ciniki, babu ɗan Adam. Gwaggo Kuluwa ta kutsa tsohon shagon marigayi mijinta tana huci.

"Marasa kunya! Ku cire sunan Malam daga allon nan. Shago 'ya'yansa suka sayar muku, ba suna ba!"

"Sannu da zuwa, Kuluwa," in ji na'urar da muryar Malam, har da ɗan tarin nan nasa. "Fulogi ko fanbel?"

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam, a gabana fa aka fita da gawarka!"

"Masu saye sun fi yarda da muryata. Matsa wa na bayanki."

Ba ta taɓa ƙetare maganarsa ba. Ta matsa.