Babin da Aka Yage

Sai da Malam mai buga tafireta ya kai shafi na ɗari da arba'in na littafin ya tarar an yage babin ƙarshe, wanda Baturen marubucin ya yi alkawarin zai nuna wa mutum abin da ya zo yi duniya.

Ɗan kudun da ya sayar masa da littafin a bakin tashar Azare ya watsa hannuwa. "Na hannu ne, Malam. Haka ya zo."

Tun da aka kawo kwamfuta ofis, babu mai miƙo masa aiki. Ya sa hannu da safe, ya yi gadin tafireta har a tashi. Zaman banza ya ishe shi, shi ya sa yake buga littafin da Hausa, babi-babi, abokan aiki suna karantawa.

Suka dame shi da tambayar ƙarshen. Mako uku yana musu kwana-kwana, sannan ya zura takarda ya buga abin da shi ya sani a matsayin babin ƙarshe.

Ran Litinin tsohon akawu ya tsaya a kansa, ya cire tabarau.

"Malam, sauran duk surutu ne. Amma na ƙarshen nan, wallahi Baturen kamar tare muke aiki."