Wancan Yaron

Daga tashar mota Mansir bai nufi gida ba. Ya ba ɗan dako akwatinsa ya kai gidan Baba Hammajoda, mai unguwar Ɗan Iya, inda ya tashi. Shi kuwa ya gyara kwat ɗinsa ya miƙe lungun Yelwa mai kunu. Gari ya cika da shirin bikin 'yancin kai, 'yan makaranta na ta maci da ƙananan tutoci, bai ko waiwaye su ba.

Tun daga Ikko, wato Legas, abu ɗaya yake kitsawa a ransa: yau sai matar nan ta kira sunansa.

Makarantar elemantare da ya yi, unguwa ce ta tsaya mata. Maza suka yi gayya suka rufa azuzuwa da ciyawa, mata suka raba kwanakin abinci, Yelwa ta ɗauki kunun safe. Kowane yaro da sunansa take zuba masa, har da tsokana. "Ɗanlarai mai kan tulu, matso." In layi ya zo kan Mansir sai ta kau da kai, ta miƙa wa na kusa. "Ba wa wancan yaron."

Ya taɓa ture mata ƙwarya yana gudu, sai ya ɗauka abin ne ta riƙe. Ya ba ta haƙuri, ta tashi ta bar masa wurin.

Da ya shiga makarantar Midil, a ƙafa take zuwa ranar Juma'a da dakuwa a ƙulle, wai ta yaran unguwa ce, alhali shi kaɗai ne ɗan unguwar a can. Hannun maigadi take barinta. Ranar da zai wuce Zariya kowa ya rako shi tasha, aka shafa fatiha, tsofaffi suka dafa kansa. Ita tana can nesa, ta ba motar baya.

Ya ga Zariya, ya ga Kaduna, ya ga teku. Turawa ma sun koyi faɗin sunansa, ko da a karkace. Abin bai daina cinsa ba.

Yana shan kwanar lungun ya ga tabarmi a ƙofar gidanta, maza zaune da carbi. Jiya da hantsi aka kai ta makwancinta.

Ya cire takalmi ya durƙusa zai yi gaisuwa, sai Ya'u tela ya riga shi miƙo hannu. "Malam Mansir, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta." Na kusa da shi ma ya miƙo. Sai ga mutane suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, duk wurinsa.

Ya juya ga Baba Hammajoda. "Baba, ni kuma? Matar da ko sunana ba ta taɓa faɗa ba?"

Tsohon ya dubi tabarma, ya ce:

"Kana yaye ta kawo ka gidana, don ta ji 'ya'yan masu unguwa ake fara ɗauka makaranta. Ta roƙi unguwa kada a gaya maka, muka riƙe mata." Ya share ido da bakin rawani. "Batun suna kuwa, Mansir, ina ka taɓa jin mace ta kira sunan ɗanta na fari?"