Murhun Mai Daddawa

Masu cewa hayaƙin da ke ɗumama duniya ya fi ƙarfin murhu ɗaya, su saurari labarin wata mai daddawa. A ƙauyensu an sare itatuwa kaf, sai ɗorawa guda a gonar mijinta, kuma da kalwar wannan ɗorawa take sana'arta. Dafa kalwa kuwa ba wasa ba ne, tukunya kan yini a kan wuta. Ita kuma baiwar Allah ba ta san tattali ba, cusa itace take yi kamar da gayya, harshen wuta na fita ta kowane gefe yana dafa iska, hayaƙi na sa ta hawaye. Ana gab da faɗuwar damina mijin ya dubi itacen da ya rage a bayan rumbu ya ce, "Wannan ba zai kai mu kaka ba. Ranar da ya ƙare, ɗorawar zan sa wa gatari." Ba mugunta ce ta sa shi ba, ai ba a cin tuwo ɗanye. Amma hankalinta ya tashi ƙwarai, don in ɗorawa ta faɗi ta samu itace, ta rasa abin dafawa.

Sai ta fara da abin da hannunta zai kai. Ta kwaɓa laka ta toshe tsakanin duwatsun murhu, ta bar ƙofa ɗaya. Ta riƙa jiƙa kalwa kwana guda kafin dahuwa, ta rufe tukunya ta danne murfin da dutse. Girki na nuna sai ta zaro guntun itacen da bai cinye ba ta turbuɗa a yashi, gobe ya sake aiki. Maƙwabciyarta har tsiya take mata, wai ta koma ƙirga itace kamar nama a miya. Ba a yi wata guda ba mai tsiyar ta kawo tata kalwar suka haɗa tukunya, wuta ɗaya ta yi aikin biyu. Duk da haka kullum da faɗuwar gaba take leƙa bayan rumbu, itace na raguwa, dawa kuma ta ƙi saurin nuna. Ranar da aka girbe, mijin ya shigo da damin kara na farko ya jefar kusa da murhu, ta zaga bayan rumbu ta duba, sai ta tarar saura guntaye huɗu, ga kuma kara ya samu na hura wuta. Nan ta zauna a ƙasa ta yi ajiyar zuciya, daɗi ya cika ta har ta rasa abin faɗa sai alhamdulillahi. Babu ranar da ta ceci ɗorawar nan gaba ɗaya, kullum guntu guda ta rage wa wuta. Gaskiyar Hausawa da suka ce, da yayyafi kogi kan cika.