Tsohon Ciwon Jar Mota

"Ɓarayi masu ofis!" in ji Hedimasta, ya buga takardar garanti a kan teburin dillalin motoci. Gobe wa'adinta zai ƙare. 'Yarsa ce ta sayi wata ƙaramar jar mota ta hannu don zuwa aiki, ga shi wata uku bai cika ba injin yana shan ruwa kamar raƙumi.

Dillalin ya ci gaba da sakace haƙori. "Baba, kawo shaida cewa ciwon ya riga ciniki, in canza mata inji. In babu, to tuƙin mata ne kawai."

Hedimasta ya dube shi yadda yake duban ɗalibin da ya saci amsa. Dama ya zo da bakanikensa na shekara ashirin. "Buɗe ka nuna wa marar kunyar nan."

Bakanike ya ɗaga bonet, ya kankare gefen injin da sukudireba. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Yi magana mana, Kawu," in ji 'yar.

"Tsohon ciwo ne. Injin ya tsage, aka liƙe shi da gam, aka shafe wurin da baƙin mai."

"Kin ji ko?" in ji Hedimasta. "Wane la'ananne ne zai yi haka ya sayar wa bayin Allah?"

Bakanike ya goge hannunsa a hankali. "Ranka ya daɗe, fenti kawai aka canza. Farar motarka ce da ka sayar bara. Kai ka sayo mini gam ɗin."