Maiƙon Hancin Baba

Ina 'yar shekara takwas wata tsohuwa daga Ƙarfi ta zo zaurenmu, inda Baba yake sana'ar hoto, da la'asar, karɓar hoton mijinta da ya rasu. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukarsa. Baba ya ɗaga fim ɗin baƙi da fari da ya wanke, wanda daga shi ake fitar da hoton, sai ga kwarzane ya ratsa fuskar mamacin.

"Ya lalace ke nan, ɗan nan?" ta tambaya.

"Dakata tukuna, Inna."

Ya shafi gefen hancinsa da yatsa, ya goga maiƙon a hankali bisa kwarzanen, ya koma ɗakin duhu inda yake wanke hotuna. Hoton ya fito sumul.

Ta karɓa da hannu biyu, ta ce wa hoton, "Sannu, Malam."

Har yau ban ga hannu mai natsuwa irin na Baba ba.