Garkar da Tabki Ya Rufe

A Madarumfa cewa ake, tun da wani ma'aikacin gona ɗan garin ya dawo daga Yamai bakinsa bai taɓa furta "na yi kuskure" ba. Shi ya ƙara wa na'urar proje, wato shirin tallafa wa manoma, dabarar shigar da taswirar gonaki da fitar da ita a takarda. Wanda gonarsa ba ta ciki, ba shi da rabon irin albasa.

Ranar rabo wata tsohuwa ta matso.

"Garkarki ba ta ciki, nan duk tabki ne," in ji shi.

"To, ɗan nan. Na'ura ta fi ni gani." Ta juya.

Sai ya tuna cewa da damina aka yi awon gonakin. Da rani ruwan kan janye, kuma a nan tsohuwar ta goya shi yana jariri tana ban ruwa.

Ya bi ta, ya durƙusa gaban jama'a.

"Inna, ki yi mini gafara."