Rijiyar Fasto

Da jikokin Baturen faston suka iso Madarunfa bikin tunawa da shi, sai aka tallabo tsohuwar zuwa bakin rijiyar da ake kira da sunansa. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda ya yi wa baftisma a zamanin Faransa.

Tun safe ake yabonsa: ya kawo bishara, ya kawo ruwa. Ba wanda ya ambaci rijiyar farko, wadda ta rufta da mai haƙarta. A lokacin, Fasto ya yi addu'a, ya sa aka cike ta da gawar a ciki, aka haƙa wata a gefe.

Baƙin suka jeru za a ɗauki hoto. Tafinta ya durƙusa gabanta.

"Kaka, me za ki ce musu?"

"Ce musu su matsa, ɗana. A kan mijina suke tsaye."